Katangun Cinque Terre: Yadda Noman Inabi Ya Riƙe Dutse Kusan Shekara Dubu

A arewa maso yammacin Italiya, cikin yankin Liguria, akwai wata gaɓa ta Bahar Rum da tsawonta bai wuce kilomita 15 ba, inda duwatsu ke gangarowa kai tsaye su faɗa cikin teku ba tare da sun bar wani filin kirki ba. A nan ne garuruwa biyar suka maƙale a jikin dutse: Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore, waɗanda a haɗe ake kira Cinque Terre. Mazaunansu gaba ɗaya ba su fi mutum 4,000 ba, amma baƙin da ke zuwa kallonsu duk shekara sun haura miliyan 2. Gidaje ne dogaye masu fenti ja da ruwan ɗorawa da ruwan hoda, wani bisa wani, ƙasansu shuɗin ruwa, samansu kuwa gonakin inabi hawa-hawa har inda ido ya gaji. Baƙo yakan ɗauki hoto ya ce wuri ne da Allah ya ƙawata, kuma bai yi ƙarya ba, domin teku da dutse halittarsa ne. Sai dai abin da ya bambanta wannan gaɓa da sauran gaɓoɓin Italiya gumin manoma ne. Al'adar noman inabi da yin giyarsa ita ce ta sassaƙa waɗannan tsaunuka, ita ce kuma ke riƙe da su har gobe, kuma duk ranar da manomi na ƙarshe ya rataye fartanyarsa, ranar ce dutsen zai soma saukowa kan gidajen da ake zuwa kallo.

Inabi tsohon abu ne a wannan ɓangare na Italiya. Tun zamanin Rumawa, marubuci Pliny Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya yaba wa giyar Luni, wani gari da ke ɗan gabas da nan. Amma garuruwan biyar kamar yadda aka san su yau sun fara bayyana a takardun tarihi ne a ƙarni na 11: Monterosso a 1056, Vernazza a 1080. Mutanen da suka kafa su daga ƙauyukan kan tudu suka sauko, bayan da fargabar 'yan fashin teku ta ɗan lafa, kuma a ƙarni na 13 yankin ya shiga ƙarƙashin ikon Jamhuriyar Jenowa. Abin lura shi ne, duk da cewa teku na ƙofar gidansu, yawancinsu manoma ne. Monterosso ta shahara da kamun ƙananan kifayen da ake jerawa a gishiri, Vernazza tana da ɗan mashigin da jirage ke iya tsayawa, amma Corniglia a kan tsauni take, kimanin mita 100 sama da ruwa, sai an taka matakala wajen 380 kafin a iso ta daga tashar jirgin ƙasa. Mutanen da suka zauna a irin wannan wuri ba su da zaɓi: ko su ƙirƙiro wa kansu ƙasar noma a jikin dutse, ko su tashi. Suka zaɓi zama.

Dabarar da suka yi ita ce katangar dutse zalla, ba laka, ba siminti. Manomi zai sare jikin gangaren, ya fasa dutsen da ya tono a wurin, ya haƙa gindin katanga har ya tarar da ƙasa mai tauri. Manyan duwatsu su ake fara jerawa a ƙasa, kowane dutse ya hau kan biyu don kada tsaga ta miƙe daga sama har ƙasa, kuma ana ɗan kishingiɗar da katangar ta jingina da tsaunin. Bayanta ana cika da tsakuwa da ɓaraguzai, sa'an nan a zuba ƙasa a sama, a samu ɗan dakalin noma wanda sau da yawa faɗinsa bai wuce taku kaɗan ba. Mutanen wurin suna kiran irin wannan dakali cian. Hikimar rashin siminti tana bayyana ne idan ruwan sama ya sauka. Ruwa yana nutsewa cikin ƙasar dakalin, ya bi ta tsakuwar, ya tsiyaye ta kafofin duwatsu a hankali zuwa dakali na ƙasa, daga nan zuwa magudanar da aka yi masa. Da katangar toshe take, ruwan zai taru a bayanta har nauyinsa ya ture ta. Da rana kuma duwatsun suna shan zafi, da dare su mayar wa inabin. Ƙiyasin da aka fi ambato shi ne, in aka haɗa tsawon waɗannan katangu, zai kai kilomita 6,700. Babu sarkin da ya ba da umarnin a gina su, babu injiniyan da ya zana su. Iyalai ne, uba da ɗa da jika, kowa yana ɗora dutse a kan inda na gabansa ya tsaya.

Irin wannan gini ba a gama shi, kuma daga nan ne al'adun mutanen suka tsiro. Kowace shekara, bayan ruwan kaka da na hunturu, wata katanga za ta yi ciki, wata ta zube. Lokacin sanyi, sa'ad da inabi ya zubar da ganye, shi ne lokacin gyara: a warware inda ya kumbura, a ware duwatsu manya da ƙanana, a sake jerawa. Ƙasar da ruwa ya wanke ya kai gindin gangare, a kwando ake kwaso ta a mayar da ita sama. Mata kan ɗora kwandon a ka bisa gammo, maza a kafaɗa, suna bin matakalar dutse siririya wadda a wasu wurare duwatsu ne kawai aka soke a jikin katanga. Tun da katangar wani ita ce ke tare ƙasar maƙwabcinsa na sama, kuma ita ce za ta faɗo kan na ƙasa, babu wanda ke da ikon cewa gonata ce, in na ga dama in gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka aikin ya zama irin na gayya, yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, hanyoyi da magudanan ruwa kuwa na kowa da kowa ne. Hatta fasalin gidajen ya bi sana'ar. Hawan ƙasa na gidan, mai sanyi da duhu, shi ne ɗakin matsa inabi da ajiye gangunan katako, iyali kuma suna hawa na sama. Kowane gari yana da majami'arsa ta ziyara a kan tudu, Soviore ta Monterosso, Reggio ta Vernazza, San Bernardino ta Corniglia, Volastra ta Manarola, Montenero ta Riomaggiore, kuma hanyoyin da masu ziyara ke bi su ne dai hanyoyin da manoma ke bi zuwa gona.

Shi kansa itacen inabin an horar da shi ya dace da wurin. Iskar teku a nan tana da ƙarfi, tana kuma ɗauke da gishiri mai ƙona ganye, shi ya sa al'adar gargajiya ita ce a yi wa inabi gajeruwar rumfa wadda a wurare da yawa ba ta kai wa mutum ƙugu ba. Ganyen ya yi laima a sama, nonon inabin ya rataya a inuwa a ƙasa, kusa da ɗumin ƙasa, nesa da bugun iska. A gefen da iska ta fi kaɗawa, akan kafa shinge da busassun rassan wani tsiro na daji. Wannan dabara ta ceci amfanin gona, amma ta ɗora wa manomi wahala, domin aski da ɗauri da tsinka duk a durƙushe ake yin su, wani lokaci ma a rigingine. Iri uku ne suka mamaye gonakin, dukansu fararen inabi: Bosco, mai kaurin ɓawo da ke jure shanya, sai Albarola da Vermentino. A 1973 gwamnatin Italiya ta ba giyar Cinque Terre matsayin kariya da ake kira DOC, wanda ya ƙayyade iyakar ƙasar da za a noma inabin da kuma irin da za a haɗa, inda Bosco ba zai gaza kashi 40 cikin 100 ba. Akwai ma gangare uku da dokar ta yarda a rubuta sunansu a kwalba saboda fifikonsu: Costa de Sera, Costa de Campu da Costa da Posa.

Girbi a watan Satumba yake, kuma a da shi ne babban taron shekara. 'Yan uwan da ke aiki a birni sukan dawo, yara da tsofaffi kowa da nasa aikin. Ana tsinke nonon inabi a zuba cikin kwanduna, a sauko da su ta ɗaruruwan matakala zuwa gari. A gonakin da ke rataye dab da ruwa, inda hawa da kaya ya fi ƙarfin mutum, ƙasa ake gangarawa da kwandunan a loda su cikin kwalekwale. A yankin Tramonti, gabas da Riomaggiore, mutanen ƙauyukan Biassa da Campiglia suna da 'yan ɗakunan dutse a tsakiyar gonaki, inda sukan ƙaura su tare har a gama girbi da matsa. Matakalar da ke sauka zuwa Monesteroli, ɗaya daga cikin waɗannan rukunin ɗakuna, ta haura taki 1,000. Wanda ya ga wannan matakala, ya tuna cewa a kanta ake hawa da kaya a ka, ba zai yi mamakin cewa Italiyawa suna kiran irin wannan noma noman jarumta ba, har dokarsu ta giya ta 2016 ta ware wa irin waɗannan gonaki matsayi na musamman.

Mafi yawan inabin ana matse shi nan take a yi farar giya ta yau da kullum. Amma akwai kason da ake ware wa abin da mutanen suka fi alfahari da shi, wato Sciacchetrà. Tun a gona ake zaɓar nonon da ya fi lafiya, wanda 'ya'yansa ba su cunkushe ba, a ɗauko shi a hankali don kada ko ɗaya ya fashe. Ba a shanya shi a rana. A ɗaki mai inuwa da iska ake rataye shi a jikin azara, ko a shimfiɗa shi a kan raga, ya yi makonni yana yanƙwanewa har ya kusa zama zabibi. Ana zagayawa ana cire duk wanda ya fara ruɓa. Doka ta hana a matse shi kafin 1 ga Nuwamba. Idan lokaci ya yi, iyali kan zauna su tsittsinke 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya da hannu, a murƙushe, a bar shi ya tsima, a tace, a ajiye. Daga kilo 100 na ɗanyen inabi, doka ba ta yarda a fitar da fiye da lita 35 ba, kuma a aikace abin da ake samu bai cika kaiwa haka ba. Abin da ke fitowa mai kauri ne, mai zaƙi, launinsa kamar zuma, kuma ba a sayar da shi sai ya shekara, mai daraja ta sama kuwa sai ya yi uku. A al'adance ba abin sha na kullum ba ne. Ana ɓoye shi ne don ɗaurin aure, ko haihuwa, ko saukar babban baƙo, ko kyauta ga wanda ake jin nauyinsa, kuma gidan da ya fito da tsohuwar kwalba a ranar biki yana nuna wa jama'a cewa kakanninsa sun yi aiki.

Tambayar da ta kamata a yi ita ce, me ya sa inabi, ba alkama ko wani hatsi ba? Amsar tana cikin lissafi. Ƙasar dakalin ba ta da zurfi, tsakuwa ta yi mata yawa, ba ta riƙe ruwa, kuma garma ba ta shiga. Hatsin da za a samu a irin wannan wuri ba zai biya wahalar gina katanga ɗaya ba. Zaitun da lemun tsami suna yi, ana kuma noma su, amma inabi ne ke son ƙasa maras daɗi, ya soka saiwa cikin tsagar dutse, ya ba da ɗan amfani kaɗan mai tsada. Ɗanyen inabi ba ya jure tafiya, ga shi babu hanyar mota, amma in an mayar da shi giya a ganga, jirgin ruwa zai kai shi Jenowa, daga can ya wuce ƙasashen Turai. Tun a ƙarni na 14 sunan giyar ya yi nisa, har marubuci Boccaccio ya ambaci ta Corniglia a littafinsa Decameron. Da kuɗinta ake sayen hatsi da gishiri da tufafi. Saboda haka giyar ita ce ta biya ladan kowane dutse da aka ɗora, kuma duk wanda yake son fahimtar dalilin da ya sa mutane suka yarda su shekara ɗaruruwa suna hawa da ƙasa a kwando, dole ya fara daga nan.

A nan mai karatu Musulmi zai iya cewa, mene ne namu da al'adar da tushenta giya ce, alhali addini ya haramta ta, sha da sayarwa da ɗauka? Maganarsa tana kan hanya, kuma babu abin da ke cikin wannan bayani da ke halatta abin da aka haramta. Likitoci ma, waɗanda ba su da ruwa da hukuncin addini, sun tabbatar da illar barasa ga hanta da ƙwaƙwalwa da zaman iyali. Amma sanin yadda wata al'umma ta rayu daban ne da yin koyi da abin da take sha. Mutanen Cinque Terre Kiristoci ne 'yan Katolika, giya tana cikin ibadarsu da cimarsu, kuma ba za a iya ba da labarinsu da gaskiya a tsallake ta ba, sai dai a yi musu ƙarya. Sa'an nan abin da ya fi ɗaukar hankali a al'adar tasu ya girmi abin da ke cikin kwalba: yadda ake tare ƙasa a kan gangare, yadda ake sarrafa ruwan sama, yadda maƙwabci ke ɗaukar alhakin maƙwabci, da yadda amfanin gona guda mai daraja ke iya ɗaukar nauyin dukan wannan. Inabi kansa ɗan itace ne mai albarka da Alƙur'ani ya ambata cikin ni'imomi, kuma a wasu ƙasashen Musulmi masu tsaunuka, kamar Yaman, an yi irin wannan noma na hawa-hawa da gahawa da hatsi da inabin ci. Darasin yana nan ko da an canza shukar.

Rushewar wannan tsari ta fara ne da abubuwan da kowa ya ɗauka ci gaba ne, kuma ci gaban ne. A 1869 aka buɗe babbar ma'aikatar jiragen ruwan yaƙi a birnin La Spezia da ke kusa, a 1874 kuma layin dogo ya ratsa duwatsun ya haɗa garuruwan biyar da Jenowa da La Spezia. Saurayin da ya tashi yana ɗaukar dutse ya ga cewa zai iya shiga jirgi da safe ya dawo da albashi a ƙarshen wata. Sai kuma a shekarun 1920 ƙwaron filoksera, mai cin saiwar inabi, wanda ya riga ya gama da gonakin Faransa, ya iso nan ya kashe itatuwa da yawa. Maganinsa shi ne a sake dasawa bisa saiwar inabin Amurka mai jure ƙwaron, kuma ba kowane iyali ne ya iya wannan ɗawainiya ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙaura ta ƙaru. Rabon gado ya ƙara dagula lamarin, domin gona ɗaya ta rarrabu tsakanin magada da yawa, wasu suna Jenowa, wasu sun haye teku, har ya zama wanda ke son gyara katangar da ke shirin faɗo masa bai san wa zai nema ba. A farkon ƙarni na 20 gonakin da ake nomawa sun haura hekta 1,000. Yau inabin da ya rage bai wuce kimanin hekta 100 ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Katangar da aka bari takan fara da dutse ɗaya da ya goce, sai ƙaya da ciyawa su toshe magudana, sai aladun daji su zo su tone gindinta, sai ruwa ya sami hanya. A ranar 25 ga Oktoba, 2011, ruwan sama irin wanda ba a saba gani ba ya sauka a gabashin Liguria, inda a wasu wurare aka auna kusan milimita 500 cikin 'yan sa'o'i. Ƙasa ta zaftare a ɗaruruwan wurare. Babban titin Vernazza, wanda aka shimfiɗa a kan rafin da aka rufe, ya cika da laka da duwatsu da motoci har tsayin mita 4 a wasu sassa, Monterosso ma ta sha irin wannan. Mutum 13 suka rasu a Liguria da maƙwabciyarta Toskana, uku daga cikinsu 'yan Vernazza ne, waɗanda ruwa ya ja zuwa teku. Kusan shekara guda bayan haka, a Satumbar 2012, duwatsu suka faɗo kan shahararriyar hanyar ƙafa ta Via dell'Amore da ke tsakanin Riomaggiore da Manarola, suka raunata baƙi huɗu 'yan Ostireliya. Hanyar, mai tsawon wajen kilomita 1, sai a 2024 aka sake buɗe ta.

Akwai masu cewa, tun da noman ya daina biyan kansa, a bar daji ya karɓi abinsa, ai saiwar itatuwa ta fi katanga riƙe ƙasa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Masana ƙasa da suka bi sawun zaftarewar 2011 a kwarin Vernazza sun ga cewa wuraren da daji ya daɗe da rufewa sun fi tsira, kuma gonakin da ake nomawa ma ba su kuɓuta gaba ɗaya ba. Amma sun ga cewa inda ɓarnar ta fi muni shi ne dakalan da aka bari ba da daɗewa ba, waɗanda manomi ya tafi, daji kuma bai riga ya kama ba. Wannan tsakanin ba na shekara ɗaya ko biyu ba ne, na gomman shekaru ne, kuma a duk tsawonsa akwai tarin ƙasa da dutse da mutum ya ɗora da hannunsa a kan gangare, rataye a saman gidaje da makarantu da layin dogo. Tsaunin da ba a taɓa taɓawa ba yana iya zama da kansa, amma wanda aka sassaƙa ya riga ya zama amana. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a rarrabe: dakalan da ke nesa da mutane a taimaka musu su koma daji cikin tsari, waɗanda ke saman garuruwa da hanyoyi kuwa a ci gaba da noma su ko ta halin ƙaƙa.

Wasu kuma za su ce, ai baƙi sun kawo arzikin da inabi bai taɓa kawowa ba, me ya sa za a damu? Gaskiya ne talaucin da ya kori kakanni ya kau. A 1997 UNESCO ta sa Cinque Terre da garin Portovenere da tsibiran da ke kusa cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999 aka mayar da yankin gandun ƙasa, ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a Italiya, mai hekta wajen 3,800. Amma dalilin da UNESCO ta bayar shi ne aikin da mutum ya yi a jikin dutsen. Ga shi kuwa kuɗin baƙi yana janye hannu daga wannan aikin. Ɗakin da a da ake matsa inabi ya koma kantin tsaraba, hawan sama ya koma masaukin haya, kuma matashin da zai samu a mako ɗaya na bazara abin da gona ba za ta ba shi a wata ba, wa zai ce masa ya koma durƙuso ƙarƙashin rumfa? Galibin baƙin, da jirgin ƙasa ko na ruwa suke zuwa, su yi sa'o'i kaɗan a bakin teku su wuce, ba su taka ko dakali ɗaya ba. Sana'ar baƙi tana cin moriyar abin da manomi ya gina, kuma muddin ba ta mayar masa da rabonsa ba, tana cinye jarinta ne da kanta.

Mutanen wurin sun gane haka, kuma ba su naɗe hannu ba. A 1973 manoma suka kafa ƙungiyar gama kai, wadda daga baya ta gina wurin matsa inabinta a Groppo, saman Manarola, domin mai 'yan dakalai kaɗan ya sami inda zai kai inabinsa a saya da daraja. Daga wajen 1980 aka fara kafa ƙananan jirage masu tafiya kan dogo ɗaya mai haƙora, fasahar da aka samo daga Suwizalan, waɗanda ke hawa gangare da akwatunan inabi da duwatsu. Hukumar gandun tana karɓar kuɗi daga masu bin manyan hanyoyin ƙafa, tana ba manoma duwatsun gyara da dashen inabi, wani lokaci jirgi mai saukar ungulu ne ke sauke musu duwatsun. A Manarola mazauna sun kafa gidauniya da ke karɓar gonakin da aka bari a saman garin, ta sare dajin, ta tada katangun, ta ba masu son noma haya, kuma cikin waɗanda aka koya wa ginin har da marasa aikin yi da baƙin haure. A 2018 UNESCO ta sa fasahar gina katangar dutse zalla cikin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye, bisa buƙatar ƙasashe takwas har da Italiya. Wanda zai ce duk wannan ƙawata wahala ne, a tuna masa cewa babu mai neman mata su koma ɗaukar ƙasa a ka. Abin da ake nema shi ne a rage nauyin da na'ura, a kuma biya mai gyaran katanga a matsayin wanda ke yi wa gari duka aiki, domin katangarsa tana kare har wanda bai taɓa shiga gona ba.

Wannan batu bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. A tsaunukan Mandara, kan iyakar Nijeriya da Kamaru, al'ummomi sun daɗe suna noman dawa da gero a kan dakalan dutse hawa-hawa, kuma Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, ita ce wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999, shekara biyu kacal bayan Cinque Terre, saboda gonakinta na hawa-hawa da hanyoyinta na dutse da fadar sarkinta, Hidi. Abin da ya faru a Liguria ya nuna cewa takardar yabo daga waje ba ta ɗora dutse ko ɗaya. Al'ada irin wannan tana rayuwa ne muddin tana ciyar da mai yin ta, kuma muddin akwai tsohon da zai nuna wa yaro yadda ake zaɓar dutsen gindi. Mutanen Cinque Terre sun yi sakaci na shekaru, sun biya da rayuka da dukiya a 2011, yanzu suna kashe ninkin abin da rigakafi zai ci don su maido da kaɗan daga abin da suka bari. Hukumomi da masu hannu da shuni a wurarenmu masu irin wannan gado su duba tun da sauran masu sani a raye: a taimaki manomin kan dutse ya sami kasuwa da hanya da tsaro, domin shi ne mai gadin ƙasar, kuma in ya sauko babu wanda zai hau a madadinsa.